A Fita Da Yara Su Ga Gari, Amma A Bi Sawunsu

Jama'a, ga babban hutu ya ƙarato. Kwana kaɗan suka rage a rufe kwaleji, kowa ya ɗaure akwatinsa ya nufi inda ya nufa. Kafin mu watse ina so in yi magana da 'yan'uwana malamai, da ɗalibanmu masu iyali, har da samari da 'yammata waɗanda gobe za a danƙa musu aji su riƙe, game da wani abu da mu ke rainawa, watau fita da ƙananan yara yawon buɗe ido.

Ga abin da ya tayar mini da maganar. Watannin baya na je duba wani ɗalibinmu da ke gwajin koyarwa a wata makarantar firamare. Darasi ya ke yi wa 'yan aji huɗu game da dutsen Olumo na Abekuta. Ya shirya darasinsa sarai, ya zana dutsen a allo, ya faɗi tsayinsa, ya faɗi shekarar da mutanen Egba suka sauka a gindinsa. Ana cikin haka sai wani yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, in mutum ya hau can bisa, me ya kan hango?" Malam ya yi shiru, ya dubi allo, ya dubi littafi, can ya ce, "Zauna, wannan ba ya cikin darasin yau." Da muka fito na tambaye shi ko ya taɓa zuwa wurin. Ya ce a'a. Ga shi kuwa a Sabon Badun aka haife shi, tsakaninsa da dutsen nan bai wuce tafiyar sa'a biyu a mota ba. Ban yi masa faɗa ba, gama na tuna ni kaina sai da na haifi 'ya'ya uku kana na taka dutsen.

To, ra'ayina shi ne, kowane magidanci mai hali, ko da ɗan ƙanƙanen hali ne, ya kamata ya ware kwana ɗaya ko biyu cikin hutun nan ya fita da iyalinsa su ga abubuwan da ke ƙasar da su ke zaune. Amma da sharaɗi guda, kuma sharaɗin nan shi ne gindin maganata: tafiyar ta yara ce. Su za a bi, da ƙafarsu za a auna nisa, da idonsu za a zaɓi abin kallo.

Mu Hausawa ai ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu fatake da ƙafa da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko cikin 1901, ya kai Kano cikin 1911, daga nan shanu suka riƙa gangarowa Kudu, goro yana hawa Arewa. Cikin 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun. Yau shekara ɗari ke nan da ɗoriya. Amma duk tafiyar nan tamu ta neman abinci ce. Bahaushen Kurmi ya san tasha, ya san kasuwa, ya san masallaci, ya san gidan mai masaukinsa, abin da ke bayan wannan kuwa ba ruwansa. Shi ya sa za ka ga yaro an haife shi nan, yana jin Yarbanci kamar ɗan gari, a wayar ubansa ya sha ganin hasumiyar birnin Paris, amma bai san akwai wata hasumiya bisa tudun da ya ke hangowa kullum in zai tafi makaranta ba. Yaron da bai san labarin ƙasar da ya tashi a cikinta ba zai girma baƙo, maƙwabtansa kuma su zama masa baƙi. In an yi la'akari da kyau, yawancin ƙiyayyar da ke tsakanin kabilu daga irin wannan rashin sani ta ke tsirowa.

Kada ku zaci na iya abin nan tun farko. Bari in ba ku labarin wautar da na yi, don kada wani ya maimaita ta.

Wata shekara cikin babban hutu na kwashi iyalina muka sauka gidan wana a Sabo. Lokacin babbar 'yata tana da shekara takwas, ƙanenta biyar, auta uku. Da daddare na zauna na tsara tafiya a takarda kamar mai shirya jadawalin darasi: ƙarfe tara Zauren Mapo, ƙarfe goma Hasumiyar Bower, sha ɗaya da rabi Gidan Koko, ƙarfe biyu gidan namun daji na Jami'a. Uwar yara ta duba takardar, ta ce, "Malam, wannan duk yau?" Na ce, "Ai hutu ba ya jira."

Muka isa Mapo. Na tsai da su gaban manyan ginshiƙan nan, na shiga bayani, cewa cikin 1929 aka gama ginin, a zamanin mulkin Turawa. Ina magana, yaran suna kallon wata mata mai suyar doya a ƙetaren hanya. Na kore su muka hau tudun Oke Are, inda aka gina hasumiya cikin 1936 don tunawa da Kyaftin Bower, Razdan na farko a Badun. Tsayinta wajen ƙafa 60, matakalarta kuwa murɗaɗɗiya ce, ga ƙunci. Daga bisa mutum ya kan hangi Badun shimfiɗe, rufin kwano mai tsatsa iyakar ganin ido, abin sha'awa ƙwarai. Amma auta ya ƙi hawa, ya sa kuka, sai a kafaɗa na ɗauke shi ina haki. Da muka sauko na ce musu saura Gidan Koko. Nan take fuskar na tsakiya ta washe, ya kama hannuna yana sauri. Muka isa Dugbe, na nuna masa bene mai hawa 26, na ce an gama shi cikin 1965 da kuɗin kokon da manoman Jihar Yamma suka noma. Yaro ya ɗaga kai ya duba, ya duba ƙasa, ya ce, "Baba, to ina mai ƙosan?" Ashe shi kokon sha ya zata, gama tun safe ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan shayi.

Kafin mu kai gidan namun daji, wanda aka fara tun 1948 da kafuwar Jami'ar, rana ta take, ƙafafu sun yi nauyi. Wurin nan kaɗai ne yaran suka yi mako suna ɗokin gani, shi kuwa na bari a ƙarshe. Auta ya yi barci a bayan uwarsa, bai ga ko jimina ba. Na tsakiya ya tsaya gaban birai ya ƙi motsi, ni kuwa ina janye shi, wai mu je mu ga zaki kafin a rufe. Muka komo gida kowa fuska a murtuke. Da dare uwar yara ta ce mini, "Malam, yau kai ka ga gari, mu kuwa mun ga ƙeyarka." Maganar nan ta zauna mini.

Na kwana ina tunani, sai na ga ashe duk abin da na ke koya wa ɗalibai a aji shi na karya. Kullum mu kan ce a fara daga abin da yaro ya sani zuwa abin da bai sani ba, ni kuwa na fara da Razdan da shekarar gini. Mu kan ce hankalin ƙaramin yaro ba ya daɗewa bisa abu guda in ba shi ya zaɓa ba, ni kuwa na yi ta lacca. Mu kan ce ciki da yunwa ba ya ɗaukar karatu, ni kuwa na manta da guzuri. Ba a tauna taura biyu, ni huɗu na cusa musu.

Da shekara ta kewayo na sake shiri. Wannan karo wuri ɗaya tak na zaɓa, watau dutsen Olumo. Daren da za mu tafi na tara su a tabarma na ba su labarin kamar tatsuniya: yadda yaƙe-yaƙe suka tarwatsa garuruwan Egba, yadda suka taho wajen 1830 da shugabansu Shodeke, suka fake a kogunan wani babban dutse, har garin da suka kafa ya sami suna Abekuta, watau ƙarƙashin dutse. Na gaya musu yadda Sarkin Dahome, Gezo, ya kawo wa garin yaƙi cikin 1851 da rundunarsa har da mata mayaƙa, aka kore shi, magajinsa kuma ya sake gwadawa cikin 1864, shi ma bai ci nasara ba. Da babbar ta ji maganar mata mayaƙa sai ta gyara zama.

Da sassafe muka tafi tashar Moniya muka shiga jirgin ƙasa, bisa sabuwar hanyar dogo ta Ikko zuwa Badun wadda aka buɗe cikin 2021. Sa'a guda da wani abu muka yi. Auta ya manna goshinsa ga taga tun daga tashi har sauka, yana ƙidayar itatuwan kwakwa, in ya kai biyar ya koma ɗaya. A gare shi tafiya ta riga ta biya, ko da daga tasha muka juya.

Dutsen nan tsayinsa mita 137 daga fuskar teku, watau wajen ƙafa 450. Cikin 2006 aka gyara wurin, aka yi matakalai, har aka sa na'urar hawa, amma mu da ƙafa muka hau, sannu sannu, duk inda aka gaji a zauna. A tsakiyar dutsen mai yi mana jagora ya shigar da mu kogon da mutanen Egba suka zauna, wuri ne da babba sai ya sunkuya, yaro kuwa ya shige a miƙe. Ya nuna mana waɗansu ramuka a jikin dutsen inda matan zamanin nan su ke niƙa barkono. Na tsakiya ya durƙusa ya sa hannu cikin ramin, ya shafa, ya ce, "Baba, irin dutsen niƙan Kaka ne!" Ya ƙi tashi. Da a bara ne da na janye shi. Bana kuwa sai na zauna kusa da shi, ya yi ta tambaya: ina su ke samun ruwa, ina yara su ke wasa, in ruwan sama ya zo yaya su ke yi. Waɗansu na amsa, waɗansu mai jagora ya amsa, waɗansu muka ce sai mun bincika. Jama'a, wannan shi ne darasin tarihi mafi kyau da na taɓa yi, ba kuwa ni na shirya shi ba.

Uwar yara ta zauna a inuwa da ƙananan biyu suna cin dafaffen ƙwai da ayaba, suna kallon ƙadangaru. Ni da babbar muka bi ta wani matsattsen tsagi muka kai ƙoli. Daga can muka hangi kogin Ogun yana murɗawa ta gefen gari, ga masallatai ga majami'u, ga jajayen kwanoni tsakanin duwatsu. Yarinya ta yi shiru, can ta ce, "Shi ya sa suka zaɓi nan, duk wanda ya taho za su gan shi tun daga nesa." Kun ji amsar tambayar da ɗalibinmu ya kasa bayarwa, daga bakin 'yar shekara tara. Gani ya kori ji.

Da muka sauko muka ratsa kasuwar Itoku da ke kusa, inda mata ke sayar da rinannen zanen da Yarbawa ke kira adire. Wata dattijuwa ta nuna wa yara yadda a ke ɗaure ƙyalle da zare, ko a shafa masa kullun rogo, don kada shuni ya kama wurin, sa'an nan a tsoma. Uwar yara, wadda 'yar Kano ce, ta ce musu, "To, ga 'yan'uwan marinan Ƙofar Mata, sai dai can maza ke rini, nan mata." Dattijuwa ta yi dariya, ta ƙara wa auta ɗan ƙyalle kyauta. Kafin magariba muna gida.

Na san akwai masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, saboda haka ba zan tsallake ta ba.

Wani zai ce, yaro ɗan shekara uku ko huɗu mantawa zai yi, me ya sa za a wahala? Gaskiya ne, kaɗan ne cikinmu ke iya tuna abin da ya faru kafin su cika shekara uku. Amma wa ya tuna ranar da aka koya masa tafiya, ko ranar da ya fara cewa "Inna"? Ba mu tuna ba, ga shi kuwa muna tafiya muna magana. Abin da yaro ya gani ya kan shiga jikinsa ko da ya fita daga tunaninsa. Kalmomi ya ke tarawa, kogo, tsagi, ƙoli, shuni, tasha, kowace da hotonta. Ranar da malami ya ambaci ɗayansu a aji, wannan yaro yana da ƙugiyar da zai rataya sabon ilmi, ɗan'uwansa kuwa sai hadda.

Wani zai ce, ina kuɗin? Wannan ita ce magana mai nauyi, gama kowa ya san yadda albashin malami ya ke da yadda kuɗin mota ya hau. Amsata ita ce a rage nisa, kada a fasa fita. In jirgi ya fi ƙarfinka, kai su tasha su ga shigowarsa. In Abekuta ta yi nisa, akwai maƙera a bayan kasuwa, akwai masaƙa, akwai gonar koko a bakin gari, akwai gada bisa kogi, akwai fadar sarkin garin da ka ke zaune. Mai zuwa gida Arewa kuwa, in ya ratsa ta Jaba ya nuna musu Kwara daga bisa gada, in ta Lakwaja ya bi ya tsaya su ga inda Kwara da Binuwai suka gamu. Kuɗin da mu ke kashewa wajen ɗinkin biki guda ya isa a yi irin fitar nan, har a yi saura.

Wani zai ce, hanyoyi ba lafiya, ga haɗarin mota, ga miyagun mutane, ga damina. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba na ba kowa shawara ya jefa 'ya'yansa cikin hatsari don kallon dutse. A tambayi labarin hanya kafin a kama ta, a tafi da rana a komo da rana, inda aka ce ba lafiya a haƙura. Batun ruwa kuwa, nan ƙasar Yarbawa sama ta kan ɗan tsagaita wajen watan Agusta, daidai tsakiyar hutu, sai a nemi irin ranakun nan. In an yi ruwa da safe kada a hau dutse, santsi gare shi.

Wani kuma zai ce, ai irin wuraren nan akwai tsafi a cikinsu. I, a Olumo akwai ɗakin da masu addinin gargajiya ke girmamawa, mun gan shi, mun gai da dattawan da ke wurin, mun wuce. Amma dutsen Dala na Kano fa? Wane ɗan makaranta ne ba a ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura ba? Ba mu hana yaranmu hawansa ba, ba kuwa wanda ya sauko ya bar addininsa a can. Gwamma yaro ya ga abu yana riƙe da hannun ubansa, ya tambaya a ba shi amsa ta hankali, da ya ji labarinsa a bakin 'yan tasha.

Akwai kuma wata al'ada da na ke so mu bari, watau uba ya ɗauki 'ya'ya maza ya fita, ya bar uwa da 'ya'ya mata suna tsaron tukunya. A tafiyarmu, wadda ta gane hikimar zama bisa dutse 'ya mace ce, wadda ta haɗa Itoku da Ƙofar Mata kuwa uwarta ce. Uwa ita ke wuni da yara, ita za su yi ta yi wa tambaya bayan an komo. In ba ta gani ba, me za ta gaya musu?

Ga wanda ya yi niyya, abin da wahala ta koya mini kaɗan ne. Wuri ɗaya ya isa rana guda, in kuwa biyu ne a fara da wanda yara suka fi ɗoki. A ba su labarin wurin tun da dare. A cika cikinsu kafin a fita, a riƙe ruwa da guzuri da laima. A rubuta sunan uba da lambar wayarsa a takarda a sa a aljihun kowane yaro, gama ɓacewa cikin taro ba ta da wuya. A gidan namun daji kada a yarda yaro ya miƙa hannu cikin keji, ko da dabbar ta yi kama da mai barci. In yaro ya tsaya kallon tururuwa alhali ga giwa can gaba, a bar shi, shi ma kallo ya ke yi. In an komo gida a ba shi takarda da fensir ya zana abin da ya gani, kada a gyara masa. Auta da aka ba shi, dogon layi ya ja da ƙafafu barkatai, ya ce jirgi ne. Har yanzu takardar tana manne a bangon ɗaki.

Ku kuma ɗalibanmu da ba ku yi iyali ba tukuna, kada ku ce maganar ba ta shafe ku ba. Kuna da ƙanne, kuna da 'ya'yan yayye. Ku ɗauki biyu ko uku, da izinin iyayensu, ku gwada. Wanda ya iya fita da yara uku ya komo da su lafiya, cikinsu a ƙoshe, bakinsu cike da labari, shi ne gobe zai iya fita da aji guda. Wannan kuwa ba a koyonsa a ɗakin lacca. Ɗalibin nan da na ba ku labarinsa ya yi mini alkawari zai hau Olumo cikin hutun nan da ƙannensa biyu, in an komo kuma zai koma makarantar nan ya nemi yaron ya ba shi amsarsa. Ina jiran in ji.

Allah ya kai mu hutu lafiya, ya komo da mu lafiya, mu da yaranmu, amin.